Ni da Mazarƙwaila

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, ciwon suga ya kashe yayana bayan an yanke masa ƙafa. Tun daga zaman makoki na naɗa kaina likitan majalisar dattawanmu ta Ƙofar Sauri. Duk wanda ya kai hannu gwangwanin suga sai na tuna masa ƙafar marigayi. Ni kuwa na koma mazarƙwaila, a shayi da koko, don na tabbata abin gargajiya ba ya cutarwa.

Da aka kawo gwaji asibitin unguwa, ni na tasa su gaba da faɗa. Kowa ya fito lafiya sai ni.

"Alhaji, mi kake sha?" in ji malamar asibitin.

Na faɗa mata da alfahari, a gaban kowa.

"Baba, ai ita ma suga ce."

Yau ina kan magani, idona ya yi rauni, rabin majalisar sun rasu. Amma in mai shayi ya miƙo mini kofi, sai wani ya ce, "A jefa wa likita curi ɗaya mana, ta gargajiya ce."