Ganyen da Ya Tashi Daga Hulata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da wani malam-buɗe-littafi ya tona mini asiri a gaban surukina ba. Shekarar fari ce. Geronmu bai kai gwiwa ba ya bushe, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma ɗin sun rame. A cikin wannan hali ni kuma na ga ya dace in nemi aure (kar ka tambaye ni dalili, Talatu ce dalilin).

Mahaifinta, Malam Sale, ya aiko in je ya gan ni. Abu ɗaya yake son sani: ko zan iya ciyar da 'yarsa a irin wannan shekara. Na aro babbar riga da doguwar hula wurin yayana, na taka har ƙauyensu, can bayan Ɗanbatta, cikina ba komai sai ruwan randa.

A ƙofar gidansu akwai bishiyar mangwaro. Na tarar ƙanana biyu sun faɗo, sun nuna luguf. Na duba gabas, na duba yamma, na ɗauka. Kafin in kai baki sai na ji gyaran muryar Malam daga zaure. Aljihun rigar kuwa a ɓule yake. Na cire hula, na jefa su ciki, na kifa a kai.

Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin bishiyar. Da aka kawo fura na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, yanzu na tashi daga kan tuwo." (Tuwon da har na manta kamanninsa.) Ya tambayi gona, na ce ai mu da sauƙi, rumbunmu da saura.

Rana na dab da faɗuwa su malam-buɗe-littafi suka fito. Kowa ya san su, masu launin ƙasa-ƙasa ɗin nan da ke wuni a ɓoye cikin busassun ganye. In ya haɗe fukafukansa sai ka rantse ganye ne, in ya buɗe ka ga ɗigo kamar ido a kowane gefe. Da damina tsutsarsa koriya ce mai 'yan ƙahoni biyu, tana cin ganyen ciyawa, daga baya ta rataye kanta a ƙarƙashin ganye, ta yi shiru har ta fito da fukafukai. Bai damu da fure ba, abin da yake so a duniya shi ne ruwan ɗan itacen da ya fara ruɓewa. Wannan na ƙarshen a ranar na koya.

Zafin kaina ya gama dafa mangwaron, ruwan ya ratsa hular. Ina cikin bayanin yadda zan riƙe iyali sai Malam ya ce, "Ɗana, ganye ya faɗo maka a hula."

Ya miƙo hannu zai cire. Ganye ya tashi, ya zaga, ya dawo da 'yan'uwansa. Duk suka jeru a kaina. Can na ji wani abu yana gangaro mini a goshi.

"Zufa ce, Baba," na ce tun bai tambaya ba.

"Ban taɓa ganin zufa rawaya ba," in ji shi. "Tashi mu yi alwala, magariba ta yi."

Na wanke hannu da fuska a hankali, ina fatan ƙasa ta tsage. Amma shafar kai ba ta yiwuwa da hula. Ina ɗagawa, mangwaro ɗaya ya manne a tsakiyar kaina, ɗayan ya gangara har gaban ƙafar Malam. Na ce a raina, shi ke nan, Talatu ta tafi.

Ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya ɗaga kai ya dubi bishiyar da ke cike da 'ya'ya. Sai ya leƙa zaure ya ce a dawo da furar nan, a ƙaro.

"Ƙaryar ƙoshi ban ji daɗinta ba," ya ce. "Amma yunwa ta kai ka haka, ka bar na sama ka ɗauki wanda ya faɗo. Na ba ka Talatu. Bayan salla ka shanye furar, ina kallo."

Na shanye har da suɗe ƙwarya.

Yau jikokinmu sun cika gida, amma duk yammacin da irin malam-buɗe-littafin nan ya shigo, sai Talatu ta ce mini, "Malam, ga 'yan rakiyar aurenka." Yayana kuwa har yau bai yafe hularsa ba. Ni dai tun daga ranar, duk gidan da aka ce mini bismilla, ba na jira a maimaita.