Ranar da Korau Ya Tsoma Baki

A garin Rafin Gora akwai wani mutum, Korau, da matarsa Tabawa. Korau ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai duk yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Ya yi aiki wuri bakwai, an sallame shi wuri bakwai. Da Hajiya Lantana ta buɗe wurin tara madara, ta ɗauke shi dako, gwajin sati ɗaya. In wannan ma ya kuɓuce, sai tafiya ci-rani, Tabawa kuwa ba ta son ya bar gida.

Hajiya ta daɗe a Legas, Turanci na yawan faɗo mata a baki. Ranar farko ta ɗaga masa yatsa ta ce abu ɗaya ne ba ta so: meddle. Korau ya yi ta maimaita kalmar har gidan Malam Nomau na firamare, wanda ya fassara masa cewa tsoma baki ne, ko sa hannu, a abin da ba naka ba.

Wata rana aka ba shi kunu a gidan suna. Ya duba kofin, ba nasa ba ne. Sai ya ɗaga kai ya tsiyayo daga sama don kada bakinsa ya taɓa. Rabi ya bi hanci, rabi ya wanke rigar Sallarsa.

Wata rana kuma magatakarda ya miƙo littafin zuwa aiki ya ce ya sa hannu. Korau ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Littafin Hajiya ne. Ni ba na medil."

Kwana uku ana rubuta bai zo ba, alhali shi ke riga kowa. Tabawa ta yi kuka ta gaji, ta fara haɗa masa kaya a buhu.

Wata rana, ranar cikar satin, Hajiya ta kama gardama da direban da ya kawo madara daga ruga. Ita ta ce ya makara, shi ya rantse da sassafe ya iso. Ana shirin juye garwar madarar da ya kawo cikin babban tanki, wanda daga shi ake kai wa 'yan makaranta.

"Korau, ai kana wurin. Zo ka tsoma baki."

Tunda mai dokar ce da kanta ta ɗage ta, Korau ya durƙusa ya cusa fuskarsa cikin garwar har kunne. Ya ɗago, gemu fari fat, ya tofar.

"Hajiya, fetur ne a ciki."

Direba ya sunkuyar da kai. Ashe jiya a garwar ya ɗebo mai. Hajiya ta zauna, ta ce daga yau ba garwar da za a juye sai Korau ya ɗanɗana. Ya tambaya ko wannan ba medil ba ne. Ta ce wanda aka kira bai yi katsalandan ba.

Da ya koma gida, Tabawa ta zazzage buhun tana dariya. Shi kuwa ya tsuguna kusa da tukunyar miya, hannu a baya, yana jiran a kira shi.