Bangon Jifsam a Falon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen layinmu a Wudil ba za su bar ni ba.

Sana'ata aikin allon jifsam ce. Wanda bai san shi ba, wani faffaɗan allo ne, cikinsa fari kamar alli, an lulluɓe shi da takarda mai kauri. Sai a kafa siraran ƙarafuna daga ƙasa zuwa silin, a ɗaure allon a jikinsu gaba da baya, a shafe mahaɗar, a yi fenti. In ka shigo sai ka rantse bangon bulo ne. A Kano na koyo, na dawo gida ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro shi.

A lokacin ina neman auren Rukayya. An kai gaisuwa, saura sa rana. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, dattijo ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda in ka gaishe su sai ka koma gida kana lissafin ko ka yi wani laifi. Wata rana Rukayya ta faɗa min Baba yana son raba dogon falonsa biyu, ya samu ɗan ɗakin da zai riƙa karatu ba tare da hayaniyar jikoki ba, amma yana gudun ƙurar siminti. Ai tun kafin ta rufe baki na ce ni zan yi. (Duk saurayin da ya ce bai taɓa neman suna a gidan surukai ba, ku ce ya rantse.)

Ranar da na kawo kaya, Baba ya zagaya allon, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ce, "Yaro, wannan ba kwali ba ne?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba, ba kwali ba ne. In na gama, ko kalangu aka buga a falo ba za ka ji a ciki ba."

Ya ce, "To." Iyakarta ke nan.

Kuma ba ƙarya na yi ba. Akwai wata auduga da ake cusawa tsakanin alluna biyun, ita ke shanye sauti. Na yi odarta daga Kano, direban ya yi ta cewa yana hanya, yau yana Mariri, gobe motar ta lalace. Ana cikin haka Rukayya ta ce Kawunta na Lajawa, wanda shi ne waliyyinta, zai shigo kasuwar Juma'a sayar da wani sa da ya kiwata, kuma zai biyo ta gidan a yi maganar sa rana. Sai zuciyata ta ce min: za ka bari waliyyi ya zo ya tarar da tsirarun ƙarafuna kamar kejin kaji? Na rufe bangon gaba da baya ba auduga, da niyyar in baƙo ya tafi in kwance gefe ɗaya in cusa. Fata biyu, ciki fanko. Wato da hannuna na haɗa ganga, amma a lokacin ban ga haka ba. Ni dai na ga bango sumul, fari tas, har da 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin falo.

Bayan an sauko daga masallaci na koma in ƙarasa shafe 'yan kusoshin da suka rage. Falon ba kowa. Na shiga sabon ɗakin, na ja ƙofa, na sa abin jin kiɗa a kunne ina ta aiki. Shi ya sa ban ji sallama ba, ban ji shimfiɗa tabarma ba, ban ji doguwar gaisuwar nan ta ina gajiya, ya iyali, ya damina ba. Ashe Baba ya shigo da Kawu, har da maƙwabcinsu Malam Bitrus, wani ma'aikacin jami'a ɗan kudancin Kaduna, wanda ya zo ganin aikin don shi ma yana son a raba masa ɗaki. An kawo musu fura, kowa ya sa ludayi, falo ya yi tsit.

Daidai nan Rukayya ta kira ni a waya daga cikin gida, na cire abin kiɗan na ɗaga.

Da raɗa take magana. "Kana ina?"

"Ina cikin fadar da na gina wa Baba, zumata."

"Ka yi a hankali fa, kamar na ji sun shigo falo."

Na yi dariya irin ta wanda ya san aikinsa, na ce, "Haba, sanyin idona, wa ya yi bangon? Ko ihu na yi ba mai ji."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ina! Na jingina da bangon, na miƙe ƙafa, na canja murya zuwa waccan ta musamman. (Kowane saurayi yana da ita. Ita ce muryar da in abokanka suka ji ka yi, sai dai ka bar gari.) Na ce mata tun safe ban ci komai ba saboda tunaninta, alhali na ci ƙosai har na ƙoshi. Na ce ko kogin Wudil ya cika ya shafe gada, zan yi iyo in zo zance, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Har waƙa na rera mata, wadda na tsara da kaina, mai amshi.

Ta ce, "Don Allah ka daina," tana dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa dariyar ta ƙara min mai.

Na ce, "Kin san me Baba ya ce ranar farko?" Na kumbura murya, na ja ta kamar tasa. "Yaaaro, wannan ba kwali ba neee?" Na ƙara da ƙwanƙwasa bangon yadda ya yi. Sannan na ce, "Shi kuma Kawun nan naki na Lajawa, Allah ya sa ya sayar da san nan da daraja, ko ya zo da fara'a. Ranar gaisuwa kallon da ya yi min, kamar yana duba haƙoran tunkiya."

A bayana, dab da ƙeyata, wani ya ƙware da fura.

Tari ne sosai, na wanda dariya ta kama yana haɗiya. Na ji shi tamkar a cikin aljihuna. Na ji ludayi ya bugi ƙwarya. Na ji Malam Bitrus yana cewa, "Sannu, Kawu, sannu, ga ruwa," muryarsa na rawa. Har numfashinsu ina ji.

To in ni ina jin numfashinsu...

Na kashe wayar. Na duba taga, na tuna ni da kaina na ba Baba shawarar a sa mata ƙarfe saboda ɓarayi. Na ɗaga kai na kalli silin. Wallahi sai da na auna ko zan iya cire allo ɗaya in bi ta rufi in dira a bayan gida. Ƙofa ɗaya ce, kuma cikin falo take kallo. Na zauna a kan bokitin fenti, na ƙudura a raina nan zan tsufa.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Can sai Baba ya yi magana. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, kamar mai yi wa na kusa da shi zance.

"Mai iyo, in ka gama, la'asar ta yi."

Na buɗe ƙofar. Farar ƙurar jifsam ta rufe ni tun daga gashi har takalmi, na zube a bakin ƙofa kamar buhun da aka yar. Malam Bitrus ya kafe idonsa a kan tabarma, kafaɗunsa na girgiza. Kawu yana share hawaye da gefen babbar riga. Baba kaɗai ne fuskarsa ba ta motsa ba.

Na ce, "Baba, barka da... Kawu, an zo lafiya... ya kasuwa?"

Kawu ya ce, "Kasuwa alhamdulillahi, sa ya yi daraja. Matso in ga haƙoran."

Nan Malam Bitrus ya kasa daurewa, ya tashi ya fita waje da gudu, muna jiyo shi a zaure.

Na fara kame-kame, ina bayanin auduga da direba da motar da ta lalace. Baba ya ɗaga hannu, na yi shiru. Ya ce, "Muryar tawa ba ka iya ba, ka cika ja. Amma waƙar ba laifi." Ya miƙe ya ɗauki butarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Gobe ka zo ka cusa audugar. Na ji abin da ya ishe ni."

Na yi sallar la'asar a sahun ƙarshe, a can ƙurya, kuma ban taɓa yin sujada mai tsawon ta ranar ba.

An sa rana a yammacin nan. Daga baya Rukayya ta ce min Kawu ne ya ce a ba ni, wai duk mutumin da zai iya fitowa daga ɗakin nan da ƙafarsa ya gaishe su, zai iya riƙe gida. Ita kuwa mako guda ba ta yarda sun haɗa ido da Baba ba, ni ma ta daina ɗaga wayata sai da na aika ƙanwata da ban haƙuri. Malam Bitrus ya ba ni aikinsa, amma ya sa kujera ya zauna yana kallo har na cusa audugar ƙarshe, yana yi yana rera amshin waƙata a hankali.

Yanzu 'ya'yanmu biyu. In na je Lajawa gaisuwa, tun daga bakin gari yara ke sanar da Kawu cewa mai iyo ya iso.

Hausawa sun ce bango yana da kunne. Ni dai abin da na koya shi ne, in za ka yi gulmar surukinka, ka nemi bangon da wani ya gina, kada ka jingina da wanda kai ka san abin da ka bari a cikinsa.