Indijin ɗin Turaren Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in adaidaita ta biyo da ni ta gaban ɗakin taron nan na Sabon Gari, sai in sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a waya.

Ni ne sakataren wata 'yar ƙungiya ta masu ƙananan sana'o'i a Fagge: masu ɗinkin takalmin fata, masu yaji, masu sabulu, masu turaren wuta. Ba don na fi kowa hankali aka ba ni muƙamin ba. An ba ni ne don ina da difloma, ina sa tabarau, kuma in ina magana nakan jefa Turanci nan da can. (Diflomar ma a fannin kula da laburare ce, amma ba wanda ya taɓa tambaya, ni kuma ban ga dalilin tona wa kaina asiri ba.)

A lokacin ko wace tashar rediyo ka murɗa, maganar ɗaya ce: gwamnati ta shiga yarjejeniyar ciniki da sauran ƙasashen Afirka, za a sassauta harajin boda, hukumomin ƙasashe za su haɗa kai, mai ƙaramin jari ma zai kai kayansa waje. 'Yan ƙungiya suka taso ni gaba. "Sakatare, wai mene ne gaskiyar abin nan?" Wani abokina ya turo min takardar bayanin a waya, doguwa ce kamar ba za ta ƙare ba, da wani irin Turanci na lauyoyi. Na karanta shafi uku kaina ya fara sarawa. Ina shirin rufewa sai idona ya faɗa kan wani suna da na sani: satifiket na asali. Na ce alhamdu lillahi, ai wannan na san ta. Ita ce takardar da na karɓo a ƙaramar hukuma lokacin da nake neman makaranta, wadda muke kira indijin. A Turance sunansu ɗaya, ko harafi bai bambanta ba. Na rufe waya na ci tuwona hankali kwance.

Ranar taronmu na wata na miƙe na gyara murya. Na ce, "Jama'a, na yi nazarin yarjejeniyar nan daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya take buƙata: kowa ya nemo indijin. Da zarar ka nuna kai ɗan asalin ƙasar nan ne, kayanka sun wuce boda."

Baba Rasaki ne ya fara ɗaga hannu. Dattijo ne mai ɗinkin takalmi, kakansa ne ya zo Kano a jirgin ƙasa daga ƙasar Yarabawa, shi kuwa a Fagge aka yanke cibiyarsa, Hausarsa ta fi tawa.

"Sakatare, to ni fa? A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Ina zan je?"

A nan ne ya kamata in yi shiru in sake tunani. Maimakon haka na gyara tabarau na ce, "Baba, doka ba ta san wannan ba. Asali shi ne inda kakanka ya fito." (Wace doka? Ni ma ban sani ba. Bakina ne kawai ya ji daɗin kalmar.)

Dattijon nan ya rufe shagonsa mako guda ya tafi garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Daga baya ya ba ni labarin yadda ma'aikatan can suka riƙa dariyar Yarabancinsa, suna ce masa Bahaushe, sai da ya nemo wata tsohuwa 'yar ƙanwar kakansa ta shaide shi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan na Hajiya Falmata. Hajiya Falmata mai turaren wuta da humra ce, iyayenta daga Barno suka zo tun tana goye. Duk amaryar da aka kai a unguwarmu da ƙamshin hannunta aka kai ta. Sannan kuma, kaicona, ita ce mahaifiyar matata. Shekara tara da aurena ban taɓa haɗa ido da ita ba. Akwai wata mai shago a Garwa ta Kamaru da ta daɗe tana sayen kayanta kaɗan-kaɗan, a jakar matafiya. Matar ta sha roƙon ta aiko da yawa, Hajiya tana tsoron boda. Da ta ji bayanina sai ta aiko matata ta tambaye ni: "Wai in ji Hajiya, ka tabbata?"

Na ce, "Ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Ni ne fa na karanta."

Hajiya ta tafi Barno da ciwon gwiwarta ta karɓo indijin. Ta dawo ta sayar da tumakin da take kiwo a bayan gida, ta sayo itacen turare da mayuka, ta yi wata guda a gaban kasko hayaƙi na cin idonta. Ni da kaina na kai takardar aka liƙe ta da leda don kada ta jiƙe, na miƙa wa direban da zai kai kayan, har da ce masa, "In sun tsayar da kai, wannan kawai za ka nuna."

Kwana uku direba ya kira. Ya ce an sauke kayan a boda, an ce ba su da takardu. Na ce bai nuna indijin ba ne? Ya ce, "Na nuna, Malam. Sai da suka kira junansu suna kallo."

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa sai na ce wa kowa ma'aikatan boda ne ba su san sabuwar doka ba, ko kuma wani abu suke nema. Kuma na yarda da maganata, wallahi na yarda. Don haka da aka aiko mana da gayyata cewa jami'ai daga ma'aikatar ciniki za su zo ɗakin taron Sabon Gari ranar Laraba don wayar da kan 'yan kasuwa a kan yarjejeniyar, sai na ce Allah ya kawo ranar da zan ƙwato wa surukata haƙƙinta a bainar jama'a.

Na sa babbar rigar aurena. Na tattara indijin ɗin 'yan ƙungiya a fayil, har da ta Hajiya da direba ya dawo da ita. Na sa aka zaunar da Hajiya a layin gaba, Baba Rasaki a gefe. Ɗakin ya cika maƙil, 'yan kasuwar Kwari, 'yan Sabon Gari, manyan alhazai masu kwantena, har da masu ɗaukar hoto. Wata jami'a mai mayafi ruwan toka ta yi bayani kusan awa guda. Ban ji ko kalma ɗaya ba, ina can ina bitar jawabina a zuci. (Matata ta ce a cikin bayanin nan har sau biyu matar ta faɗi abin da zai cece ni.)

Ana cewa masu tambaya, na riga kowa miƙewa. Na karɓi makirufo.

"Ranki ya daɗe, mun gaji! Mun gaji da yarjejeniyar da ake sa wa hannu a ɗakin sanyi, talaka yana shan rana a boda. Ga dattijuwa nan, uwa ce a gare ni. Ta cika duk sharaɗin da kuka gindaya, takardarta ta asali tana hannu, amma yau kwana goma sha biyu kayanta na zube a boda. Shin gwamnati yaudararmu take yi?"

Ɗaki ya ɗauki tafi. Wani daga baya ya ce, "Faɗa musu, Malam!" Na ji kaina ya yi girma. Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar wannan minti ɗaya ba, kuma ina ganin shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo.

Jami'ar ta ce cikin natsuwa, "Malam, ko zan ga takardar?"

Na taka har kan dandamali ina baza riga, na miƙa mata fayil. Ta buɗe. Ta duba ta farko, ta duba ta biyu, ta koma ta farko. Ta ɗago ta kalle ni, ta rage murya.

"Malam, wannan ai indijin ce."

Na ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe! Ta asali, da hatimi da sa hannu."

Wani jami'i da ke zaune kusa da ita ya leƙo fayil ɗin. Ya karkata gare ta zai yi raɗa, bai lura makirufonsa a kunne yake ba. Sai kawai lasifikokin ɗakin suka ɗauka:

"To wai Hajiyar za a fitar waje ne, ko turaren?"

Nan take ɗakin ya fashe da dariya. Na ga wani Alhaji ya cire hula yana share hawaye da ita. Wanda ya ce in faɗa musu shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Ni kuwa ina tsaye a kan dandamali da babbar riga, hannuna a miƙe, ban ma gane abin dariyar ba tukuna. Sai da jami'ar ta tsawatar, ta ce, "Malam, asalin kaya ake nufi, ba asalin mai kaya ba. Takarda ce da ke nuna a ƙasar nan aka sarrafa kayan." Ban san yadda na sauko ba. Na dai tuna na taka bakin rigata na yi tuntuɓe, wani ya tare ni.

Da a nan abin ya tsaya, da kunya ce kawai, ita kuwa ana warkewa. Amma jami'ar, don ta taimake mu, sai ta shiga bayanin hanyar gaskiya. Sai sana'arka tana da rajista. Sai hukumar duba ingancin kaya ta gwada turaren ta ba shi lamba. Sai an duba kayan haɗin, in mafi yawansu daga wata nahiya aka sayo, wataƙila ma ba zai samu sassaucin ba. (Itacen Hajiya da mayukanta kusan duk daga waje suke zuwa.) Kuma ko ka samu duk wannan, a wasu kayan hukumar can ba ta karɓar gwajin hukumar nan, sai an sake wani a can. Wani ya tambaya yaushe za su yarda da juna. Ta ce ana kan tattaunawa. Ya ce har yaushe? Ta ce ana kan tattaunawa.

Dariya ta mutu a ɗakin. Masu kwantena suna rubutu, su suna da masu yi musu wannan zirga-zirgar. Mu na layin masu yaji da sabulu muka yi tsuru-tsuru.

Sai Hajiya Falmata ta dafa kujera ta miƙe. Ba ta karɓi makirufo ba.

"'Yata, ni ban yi boko ba. Kayana da ke can, yanzu yaya ke nan?"

Jami'ar ta ce, "Hajiya, gaskiya sai dai a nemi a dawo da su. Ki yi haƙuri."

Hajiya ta ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ta zauna, ta gyara mayafinta. Ba ta kalli inda nake ba.

A bakin ƙofa Baba Rasaki ya zare tasa takardar daga fayil ɗina, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce, "Sakatare, na je can an ce min Bahaushe, a nan kai ka ce min baƙo. Da tsufana ka sa na gano ba ni da gari." Ya ɗan yi murmushi. "Mu je, an kira azahar."

Kayan sun dawo bayan makonni. Rana ta dafa humrar, kwalabe da dama sun fashe sun jiƙa turaren, ƙamshin ya juye ya koma wani abu mai hawa kai. Mai shagon Garwa ta samu wata mai kawo mata. Hajiya ta koma ƙulla turare a ƙananan robobi tana aikawa gidajen biki, kamar yadda ta fara tun kafin a haifi matata. Bayan gidan da tumaki suke yanzu shanya ake yi a wurin.

Sai da na yi kwana shida bayan taron nan kafin na iya zuwa gidanta. Na durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki na fara jero ban haƙuri. Na so ta zage ni, wallahi da na samu sauƙi. Ta bari na gama, ta sa aka kawo min ruwa, sannan ta kira ni da sunan 'yata ta fari kamar yadda ta saba.

"Baban Hanifa, dukiya ta Allah ce. Amma ranar da na aiko a tambaye ka, da ka ce min ba ka sani ba, ai da ban raina ka ba."

A taron wata na gaba na rubuta takardar ajiye muƙami da Turanci. Aka ba ni in karanta da kaina, don ba mai iya karantawa. Da na gama suka tattauna, suka ce ba su karɓa ba: duk lalacewata, ni kaɗai ne mai Turanci a cikinsu. Wannan hukuncin ya fi dariyar ɗakin taro ba ni tsoro, don ya nuna min irin halin da muke ciki.

Don haka har yau ni ne sakatare. Har yau rediyo na cewa an buɗe mana kasuwar Afirka, har yau ba ko ɗaya daga cikinmu da ya tsallaka da ko ƙullin yaji ta wannan hanyar. Abin da ya canza ɗaya ne. In aka kawo min takarda aka ce, "Sakatare, me ta ce?" sai in karanta ta sau uku, in ɗago kai in ce, "Ban sani ba, bari in tambayo." Kalmomin ba su da wuyar faɗa ashe. Sai dai ni tumakin surukata ne suka biya min kuɗin koyonsu.