Ranar da Na Kayar da Surukina a Talabijin

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Tarai ba, wadda na durƙusa a bakin zauren mutumin da nake neman 'yarsa, ina kallon aurena yana rushewa a cikin talabijin, har da kiɗa a kai.

Ina da ɗan shago a Rano, kusa da tasha. Cajin waya nake yi, ina tura wa mutane finafinai, in kuma biki ya samu in ɗauki kyamarata in je ɗaukar bidiyo. A shagon nan na kamu da son wani ɗan wasan barkwanci Ba'amurke. (Ba zan faɗi sunansa ba, don yadda nake lauya shi a bakina, ko mahaifiyarsa ba za ta gane ɗanta ake nufi ba.) Mutumin nan bai bar komai ba. Ya faɗa a kwata, wandonsa ya yage a gaban jama'a, kare ya bi shi, ƙofa ta buge masa hanci, shi kuma fuskarsa a murtuke kamar an aiko masa da saƙon rasuwa. Na kalli finafinansa da Turanci ban ji rabi ba, na kalle su da fassarar Hausa, na sake komawa na Turancin.

Tarihinsa kuwa na haddace shi kamar ɗan gidanmu ne. Yadda ya fara da tsayawa gaban mutane ƙalilan yana ba da dariya, wata rana ko murmushi ba mai yi masa. Yadda ya samu shiga wasan talabijin. Yadda daga baya ya gaji da jiran a kira shi, ya koma rubuta labarinsa da kansa, shi ne mai ba da umarni, shi ne kuma jarumi. Wani fim ɗin ya karɓu, wani ya sha ƙasa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, amma bai daddara ba. Duk wanda ya kawo caji sai ya sha wannan tarihi kafin in ba shi wayarsa. Samarin tasha suka laƙaba min Darakta. Ba'a suke yi, ni kuwa na karɓa hannu biyu.

To, ana nan sai Allah ya haɗa ni da Hauwa'u, 'yar Tarai ta ƙasar Kibiya, lokacin tana karatu a Rano. Muka daidaita. Matsalar ɗaya ce, mahaifinta, Alhaji Garba. Manomi ne, mai sayen hatsi, dogo, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ga haƙoransa ba. Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, ya je nema min izini, amsar da ya dawo da ita ita ce, "Za mu duba." Aka yi ta dubawa, shiru.

Da na matsa wa Hauwa'u, sai ta ce, "Baba fa ya ce shi bai gane sana'arka ba. Wai mutum ya wuni yana kallon wasa, da yamma ya ce ya gaji da aiki?"

Tun daga ranar barci ya rage min. Saboda haka da na ji za a ɗaura auren yayanta Nasiru a garin Fassi, na yi wuf na ce ni zan ɗauki bidiyon, kyauta. A raina na ce Alhaji zai ga aikina da idonsa, ya san ba zaman banza nake yi ba.

Ranar ɗaurin aure komai ya tafi daidai, har aka shafa fatiha. Alhaji ya yunƙura zai tashi daga tabarma, sai ƙafarsa ta take bakin babbar rigarsa. Ya yi gaba, ya yi baya, ya kai hannu ya damƙo kafaɗar liman, hularsa ta yi sama, farantin goro da dabino ya kife, shi kuma ya zauna daɓas a gaban sababbin surukan ɗansa. Aka yi ta "Subhanallahi, sannu Alhaji," kowa ya kawar da kai kamar bai gani ba, yadda mutanen kirki ke yi. Kyamarata ce kawai ba ta da tarbiyya, ta ɗauke komai.

Na koma shago na haɗa bidiyo mai kyau, na yanke faɗuwar nan tas. Da a nan na tsaya, da ba ku ji wannan labari ba. Amma wata rana da azahar, ba ciniki, sai Shaiɗan ya zo ya zauna a kan benci kusa da ni. Na buɗe guntun da na yanke. Na ce kai, ko Ba'amurken nan bai taɓa faɗuwa mai kyan wannan ba. Na sa masa usur lokacin da hula ke tashi, na sa ganga "tim!" lokacin da ya dira. Na rage gudun hoton, hular tana juyi a sama a hankali. Na maida shi baya, Alhaji ya tashi daga ƙasa, goro ya koma faranti, sannan ya sake zubewa. Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye. (Na rantse ba wanda na nuna wa. Don kaina na yi, irin na gwajin gwaninta.)

Bayan kwana biyu Nasiru ya kira ni. "Darakta, Baba ya ce ka kawo a kalla gobe bayan la'asar. Ya ce ku zo da Kawu."

Ku zo da Kawu! Ai na san me wannan ke nufi. Cikin gaggawa na kwafe aikin a filashi, na je aski, na karɓo guga.

Wanda bai taɓa zuwa gaban suruki ba ba zai gane halin da na shiga ba. Tun daga nesa na tuɓe takalmi. Na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa, na raɓe a bakin ƙofa, ko tabarmar ban hau ba. Aka kawo fura mai sanyi, ga ƙishirwa, amma ina ni ina shan fura a gaban Alhaji? An fito da talabijin an ɗora a kan tebur can ƙuryar zaure. Tsakanina da ita akwai Alhaji, da limamin nan da ya damƙa ranar ɗaurin aure, da ƙannen Alhaji, da Kawu Isa, kowa ya miƙe ƙafa. Ta ƙofar cikin gida kuma labule yana motsi, alamar mata sun taru a bayansa. Nasiru ya karɓi filashin ya jona, ya miƙa wa mahaifinsa rimot, Alhaji ya ɗora shi a kan cinyarsa.

Bidiyo ya fara, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Liman ya ce, "Kai, yaron nan ya iya. Ku dubi yadda ya fito da rawanina." Aka zo wajen fatiha, aka wuce lafiya, ba faɗuwa ba alamarta. Na saci kallon Alhaji, na ga ya ɗan gyaɗa kai.

"Ba laifi," in ji shi.

Kawu ya waiwayo ya ƙifta min ido. Ni kuwa a zuciyata har na fara zaɓen launin shaddar angonci. Wajen ƙarshe aka kira Nasiru daga cikin gida, ya tashi ya shige. Bidiyo ya ƙare, allon ya yi baƙi. Sai na ga wani ɗan da'ira yana juyawa a tsakiya.

A gaggawar da na yi, duk abin da ke cikin jakar aikin a kwamfuta na kwafe, har da na Shaiɗan. Ita kuma talabijin ɗin irin mai zarcewa ce da kanta, in ta gama ɗaya ta kama na gaba.

Jama'a, ku auna min. In tashi in kashe, sai na tsallake ƙafafun dattawa ɗaya bayan ɗaya, na liman a ciki, abin da ko ɗan gidan ba zai yi ba balle mai neman aure. In ɗauki rimot, sai na kai hannu cinyar Alhaji Garba. In yi magana, da wane bakin, ni da ko gaisuwa da ƙyar ta fito? Na shiga addu'ar Allah ya sa a ɗauke wuta. Sai na tuna gidan sola suke amfani da ita. (Shekara da shekaru ana ɗauke min wuta ina tsakar aiki, ranar da na roƙa kuma aka haɗa ni da rana.) Na buɗe baki na ce, "Baba..." amma ni kaina ban ji muryata ba.

Usur ya tashi, fiiiii! Ga hular Alhaji tana juyi a sama a hankali, ga idon liman a zare an damƙe masa kafaɗa, ga goro yana watsewa. Tim! Sannan komai ya koma baya, Alhaji ya miƙe kamar an ja shi da igiya, ya sake zubewa. Fiiiii, tim!

Zauren ya yi tsit, sai usur da ganga. Kawu Isa ya sunkuyar da kai yana "Innalillahi" a hankali. Liman ya cusa fuska a hannun riga yana wani tari da kowa ya san ba tari ba ne. Sai daga bayan labule wata dariya ta kufce, irin wadda aka daɗe ana dannewa, aka ji mutum ya ruga cikin gida da gudu. Daga baya na ji ashe Hajiya ce, mahaifiyar Hauwa'u. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasar Tarai kuwa tauri gare ta.

Alhaji bai taɓa rimot ba. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni. Tun da nake zuwa gidan, ranar ya fara kallona ido cikin ido.

"Wa ya koya maka wannan?"

Mai hankali haƙuri zai bayar ya yi shiru. Ni kuwa tsoro ya kwance min baki, sai ga ni ina zuba tarihin Ba'amurke a zauren Alhaji Garba: yadda ya fara ba mai yi masa dariya, yadda ya shiga talabijin, yadda yake rubutawa ya kuma ba da umarni. Kawu yana taka min yatsa, ban tsaya ba sai da numfashina ya ƙare.

Alhaji ya ce, "Shi Baturen, a wasan nasa, wa yake faɗuwa?"

"Shi ne, Baba."

"Ba ubansa ba? Ba surukinsa ba?"

"A'a, Baba. Kullum shi ne."

"To ka ga shi da mutuncinsa yake kasuwa. Kai kuma da nawa." Ya ajiye rimot a tabarma. "Malam Isa, ku gaida gida."

Muka hau babur ni da Kawu har muka wuce Kibiya. Sannan ya ce, "Da ka gaya min wasan kwaikwayo za ka kai ni, da ban ɓata sabuwar rigata ba."

Daminar nan ban ji daɗinta ba. Na goge bidiyon, muka koma da Kawu muka ba da haƙuri, Alhaji ya ce, "Ya wuce," da irin muryar da ke nuna bai wuce ba. Hauwa'u ta yi fushi ta daina ɗaga wayata, da ta huce kuma duk tambayar da na yi sai ta ce, "Baba bai ce komai ba." Duk lokacin da wayata ta yi ƙara, sai in zaci za a ce an ba da ita ga wani. Na rame har masu kawo caji suna tambaya ko zazzaɓi nake yi. Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar Alhaji gaskiya ce. Duk haddar da na yi wa tarihin mutumin nan, ban taɓa lura cewa kansa kaɗai yake kayarwa ba.

Sai bayan kaka, da aka gama shigar da amfanin gona, Alhaji ya aiko a turo magabata. Na san Hajiya ta sa baki, amma har aka sa rana bai sake kallon inda nake ba.

Ranar ɗaurin aurena na sha babbar riga ta shadda, ta sha sitaci har tana tsayuwa da kanta, kuma ban saba da ita ba. Na ba wani abokina kyamarata. Bayan an shafa fatiha, abokai suka raka ni in gaida Alhaji a gaban jama'a. Na durƙusa, ya sa min albarka a taƙaice. Na yunƙura zan tashi.

Kun riga kun sani. Ƙafata ta take bakin riga. Na yi gaba, na yi baya, na kai hannu ban samu ko kafaɗar liman ba, na kife rub da ciki. Hulata ta gangara ta tsaya daidai ƙafar Alhaji. (Masu cewa da gangan na yi, Allah ya isa. Haɓata har yau da tabo.)

Kowa ya kawar da kai. Alhaji ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya dubi abokina mai kyamara.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, Alhaji."

"Madalla. A sa masa usur ɗin nan da ganga. A kawo min bayan la'asar."

Ranar na fara ganin haƙoran Alhaji Garba, kuma farare ne tas.

Da hannuna na haɗa bidiyon, na rage gudun hular, na maida kaina baya na sake kifewa. Yanzu duk Sallah in mun je gaisuwa Tarai, sai ya sa an fito da talabijin an kunna wa baƙi, ni ina raɓe a bakin ƙofa kaina a ƙasa, 'ya'yana suna ihu, "Kaka, a maimaita!" Shi kuma ya maimaita, don rimot yana kan cinyarsa.

Abin da na koya dai, in kana son ba mutane dariya, ka faɗi da kanka, kada ka ari faɗuwar surukinka. Na kuma zama jarumin fim kamar yadda na daɗe ina buri, sai dai a zaure ɗaya kawai ake haska shi.