Ranar da Igiyar Bunu Ta Auna Fadama

Tun Turawa ba su san hanyar Haɗeja ba, Allah ya yi wa wani ƙauye a bayan Auyo baiwar da bai yi wa birni ba: ya ba shi Bunu. Sauran mutane tufka igiya suke yi su ɗaure akuya. Bunu kuwa saƙa ta yake yi, da zaren auduga rinin baba, ya ƙarasa da tuntu. Shi ya naɗa kansa Sarkin Saƙa. Mutanen gari, saboda tsabar girmamawa, Gizo-gizo suke ce masa in ya ba da baya.

Babu abin da ya tsira daga fasaharsa. Butarsa tana da abin wuya. Zakaransa yana da hamila. Mazagin wandonsa yana lilo har gwiwa, don kada jama'a su cutu da rashin gani.

"Igiyar rama ta jahilai ce," in ji shi a bakin kasuwa. "Tawa kuwa ilimi ce. Da a birnin Kukawa aka haife ni, da ƙafata ba ta taɓa ƙasa."

Kowace shekara kogi yakan shafe iyakokin fadama. In ruwa ya janye, mai gari, Bulama Zarami, yakan fito da tsohuwar igiyar rama a auna wa kowane gida tsawon igiya biyar a bakin gaɓa, a shuka alkama. Abincin rani ke nan. A wannan shekarar Bunu ya tare shi da wata shuɗiyar igiya, ya gwada ta da tsohuwar. Tsawonsu ɗaya cif.

"Ranka ya daɗe, ƙasa mai albarka za a taɓa da wannan tsumma? Da tawa za a auna. Kuma kowa ya ji: abin da ta yanke ya yanku, ba sakewa."

Bulama ya sa aka shafa fatiha. Sai batun wanda za a fara da shi. Bunu ya yi gyaran murya. Ya daɗe yana yi, har aka gane.

Aka auna masa biyar ɗinsa, igiya a bushe tana ƙyalli. Ya kafa turaku, aka wuce gaba. Igiya ta sha ruwa, ta sha laka, ga ƙarti biyu suna ja. Saƙa kuwa ba tufka ba ce, miƙewa take yi. A gida na huɗu ta ƙara kamu guda. A na tara ta ƙara gaba biyu, wato kamu takwas. Bunu yana biye, yana yi wa jama'a bayanin yadda yatsunsa suka bambanta da na sauran bayin Allah.

Ta ƙarshe ita ce Yakaka mai daddawa, tsohuwar da ba a tuna da ita ba sai da la'asar. Aka ja mata biyar. Ta tsaya a turken farko, ta kare ido da hannu tana neman na ƙarshe.

"Bulama, duk wannan nawa ne?"

Sai a nan Bunu ya waiga. Ga gonarsa can, 'yar ƙarama tsaf, kamar an shimfiɗa buzu.

"A sake! Igiyar ta..."

"Ta yi me, Sarkin Saƙa?" in ji Bulama. "An shafa fatiha."

Yakaka ta dube shi da tausayi.

"Kwantar da hankalinka, ɗan nan. Gonar ta fi ƙarfina. Ran girbi ka zo ka kama mini, in auna maka ladanka. Amma da ƙwaryata, ka ji? Ita ba ta miƙewa."