Burodin da Likita Ya Rubuta Mini

"Lafiya ƙalau na wuni, maigida, kafin ka shigo. Mene ne wannan ka maƙale a hammata?"

Ko takalmi ban gama cirewa ba. Kaka tana kicin a kan 'yar kujerarta mai gajerun ƙafafu, faranti a cinya tana tsince shinkafa, tabarau ya zamo mata har ƙarshen hanci. Na ce mata kaya ne. Ta ce ai ba ta ce jariri ba ne, in ajiye a tebur ta gani. Na ajiye. Burodi ne babba, mai yanka-yanka, a cikin leda.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago ta kalle ni.

Wata biyu ke nan rabona da burodi. Tun da makaranta ta gaji da ni nake zaune wurin Kaka, ita ke dafa mini, ita ke zagina, ba ta taɓa fashin ko ɗaya ba. Shekara guda cikina ya sa ni a gaba: kumburi, gudawa, kasala, wando yana zamewa daga ƙugu. Rannan na karanta a waya cewa akwai wani sinadari a cikin alkama, gulutin sunansa, wanda hanjin wasu mutane ba ya shiri da shi. Na yanke burodi, taliya, biskit, duk abin da fulawa ta taɓa. Na raba cokali da ita, na raba katakon yanka, na tsaya a tsakiyar kicin ɗin nan na kira burodinta guba. Tun daga ranar ta raɗa mini Likitan Waya.

Na kuwa ji sauƙi, ban da wasu safiyoyi uku da na kasa tashi. Aiki nake a shagon kayan gini na Kawu, ɗanta, kuma safiyoyin nan uku duk sun faɗo ne a ranar da motar siminti take zuwa a sauke. Kawu ya ce shi ba yaro ba ne, yau in ya rufe shago zai biyo ya karɓi makullinsa da ke hannuna. Mutum ɗaya ce a duniya Kawu ba ya tsallake maganarta, ita ce kuma shugabar masu cewa lalaci ke damuna.

"Wannan ba shi ne gubar ba?"

"Shi ne."

"To wa za ka kashe da shi? Ni?"

"In kashe ki in gaji me? Tabarau mai hannu ɗaya da kwalbar man zafi?"

"Ko su ba za ka samu ba. Na riga na yi wasiyya a bai wa mage."

Na ja kujera na zauna na ba ta labari. Tun safe nake kan layi a asibiti. Likita ta saurare ni, ta danna cikina, ta duba idona, ta ce tana zargin wata cuta da ake kira siliyak, amma zargi ne kawai sai an gwada jini. Gwajin kuma ba ya nuna gaskiya in mutum ya riga ya daina cin alkama. Ta ce na yi azarɓaɓi da na yanke kafin in zo. Yanzu sai na koma ina ci kullum, yanka biyu, har mako shida, sannan a ɗebi jinin.

Kaka ta ajiye farantin a ƙasa don kada ya zube. Ta cire tabarau. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na miƙa mata ruwa ta ture, ta ce kada in ɓata mata daɗinta. Wai na yi asubanci, na tsaya layi tsakanin masu tari da masu karaya, don wata mai karatun shekara da shekaru ta gaya mini in ci burodi, abin da ita ta yi wata biyu tana faɗa mini kyauta. Ta ce gobe in je in karɓo mata farar rigar, ita ta fi cancanta.

Na ce in aka ba ta asibiti, rabin gari zai dawo yana warin man zafi. Ciwon kai man zafi, ciwon haƙori man zafi, rediyonta ma da ta lalace na kama ta tana shafa mata. Ta ce ai rediyon ta tashi. Na ce ni na canza batir. Ta ce bayan man ya ratsa ta.

Daga nan ta hau tarihi. 'Ya'ya tara ta raina da burodi da taliya, babu wanda ya zo mata da cutar da sai an murɗe harshe kafin a faɗi sunanta. Kakana, a cewarta, burodi guda yake tashi da shi kowace safiya har ya kai shekara casa'in. Na tuna mata cewa sittin da biyar ya yi, kuma rabinsu a banɗaki ya yi su, shi da jaridarsa. Likita ma ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan ciki a dangi.

"Surutuna yake gudu, ba ciwo ba ne."

"To ni ma da na san haka ne, da na nemi jarida."

Ta ɗauki ƙwayar shinkafa ta jefe ni. Ta ce samarin yanzu, in aka ba su waya, kafin yamma sun kamu da cuta uku, kuma kowacce ta masu hali ce. Wai ita a zamaninta ciki ciki ne, ko ya cika ko yana kuka. Na ce a zamaninta ai ba a gama ƙirƙiro hanji ba.

Na duba agogon bango. Saura kamar rabin awa Kawu ya rufe shago. Sai na sauke murya, na ce mata wasa wasa ne, amma ina neman alfarma. Mako shidan nan da zan yi ina cin burodi, ciwon zai dawo ne gaba ɗaya, ba safiya uku ba. In Kawu ya karɓi makulli yau, shi ke nan, na sake zama wanda aka kora. Ta ce masa ya yi haƙuri har sakamako ya fito, iyakar abin da nake roƙo ke nan.

Ta mayar da tabarau, ta ɗauki farantinta.

"Ba zan faɗa ba."

"Kaka."

"Ciwon da ya san ranar da motar siminti take zuwa, ai wannan ba hanji ba ne, akawu ne. Cikinka kalanda gare shi."

Ba ta tsaya nan ba. Ta lissafo mini da yatsu: wurin wankin mota na yi wata ɗaya, shagon gyaran waya mako uku, gidan buga takardu ko hanyar ban gama ganewa ba na baro. Ta ce Kawu da bayansa mai ciwo shi ya sauke buhunan nan sau uku, yana da furfura a gemu, ni kuwa ina kwance ina nishi kamar mai naƙuda. In ta buɗe baki ta kare ni, ta cuci ɗanta, ta kuma cuce ni.

Wannan ta shige ni. Na ce mata na san ban cika zama wuri ɗaya ba, kuma wankin motar ni na gudu da ƙafata, ban musa ba. Amma safiyoyin nan uku ko tsayuwa ba na iya yi, ita da kanta ta ga yadda nake dafa bango. Ni ma abin ya ɗaure mini kai, don ban ci komai a waje ba. Likita ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata babu alkamar da ta shiga bakina, na ce mata girkin kakata kaɗai nake ci, kuma zan iya rantsuwa a kansa.

A nan ne bakin Kaka ya fara motsi. Na san wannan murmushin, shi take yi in muna karta ta ɓoye kati mai kyau a ƙarƙashin cinya.

"To bari in kashe bakinka yau, Likitan Waya. Ka daɗe kana cin gubar taka, ga ka nan zaune daram."

"Ban gane ba."

"Fulawa. Cokali biyu, cike, a cikin miyarka. Ka cinye, ka siɗe faranti, ka ce in ƙara. Sau uku na yi maka, ko atishawa ba ka yi ba a gabana."

Ta jingina da bango tana kaɗa ƙafa, tana jiran in durƙusa. Na tambaye ta wace rana da wace rana. Ta ce ita ba ta riƙe kwanan wata, amma ba haka kawai take yi ba, da lissafi take yi. Duk ranar da na dawo na ce mata gobe mota za ta zo, sai ta dubi wuyana da ya zama kamar na hangar rataye kaya, ta ce yaron nan shinkafa da dankali ba za su ɗaga buhun siminti ba. Sai ta kaɗa fulawa a miyar abincin yamma, don in kwana da ƙarfi a jiki.

Na ɗaga yatsa ɗaya, na ɗaga na biyu, na ɗaga na uku.

Ƙafar da take kaɗawa ta tsaya.

"Sau nawa kika ce?"

"Uku."

"Mota sau nawa ta zo?"

Ta kalli farantin shinkafa kamar amsar tana ciki. Da farko ta ce fulawar ce tsohuwa. Na ce to me ya sa ita ba ta kwanta ba, tukunya ɗaya muka ci. Ta ce ni na jawo wa kaina da cin faranti biyu. Na ce ita ta zuba. Ta ce wa ya sani ko iska ce, na ce iskar ma sai ranar da ta buɗe gwangwanin fulawa take kaɗawa. Sai dabara ta ƙare mata. Ta cire tabarau ta hau goge shi da bakin ɗankwali, ta goge, ta sake gogewa, har na fara jin tausayin gilashin.

"Ƙarfi na so in ba ka," ta ce, ba ta kalle ni ba.

"Kin ba ni. Ban taɓa gudu irin na safiyoyin nan ba."

Ta kai mini duka da bayan hannu, ba ta same ni ba. Daidai nan muka ji sallamar Kawu a falo.

Ya shigo da ƙurar siminti a gwiwar wando, ya rusuna ya gaishe ta, ni kuwa ko kallo ban ishe shi ba. Ya miƙo hannu kawai. Na sa hannu a aljihu na taɓa makullin, Kaka ta ce in bar shi inda yake. Ta gaya wa Kawu cewa yaron nan ba ƙarya yake ba, likita tana bincike, mako shida za a yi. A cikinsu ya zaunar da ni a kan teburin rasit, kujerar da ta fi kusa da ƙofar baya inda banɗaki yake, ya nemi wani ya riƙa sauke kaya.

Kawu ya ce shekaranjiya ita ce ta ce masa kada ya saurara mini, me ya faru tsakanin shekaranjiya da yau? Ta ce an sami ɗan kuskure a kicin. Ya ce kuskuren me? Ta ce na fulawa. Na tambaya, cikin ladabi, wa ya yi kuskuren. Ta ce kicin ɗin.

"Kicin yana da hannu, Kaka?"

"Ni ce. Ni na zuba masa, sau uku, kowane daren mota. Ka ji daɗi?"

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya dafa bayansa. Ya ce to shi yanzu buhu ɗari uku da ya sauke shi kaɗai, wa zai kama? Kaka ta ajiye faranti, ta miƙa masa hannuwanta biyu a haɗe.

"Ga ni. Kore ni."

Kawu ya mayar da hannunsa aljihu. Ya ce gobe ƙarfe takwas ya same ni a kan tebur, kuma in rasit ɗaya ya ɓace, babu likitar da za ta cece ni. Yana juyawa dariya ta ƙwace wa Kaka, irin wadda take girgiza mata kafaɗu ba sauti. Da ta lafa, ta share ido ta nuna ni da tabarau.

"Kai kuma kada ka saba. Sau ɗaya nake kuskure a shekara saba'in, sa'a ka ci ya faɗo a kanka."